Rago Na Ci, Tumaki Na Kallo

Mijina Hafizu ya rasu ƙarshen kaka, bayan an gama ɗaure harawa. Bai bar babur ba, bai bar shago ba. Abin da ya bar mana, ni da yara biyu, tumaki ne huɗu, rago ɗaya, da harawar da ya jibge a kan rumfa wadda za ta kai su har faɗuwar ruwa. Tumakin duka suna da ƙaramin ciki. 'Ya'yan da ke cikin nan su ne abincin Salima da Mubashir, su ne suturarsu, su ne makarantarsu. Ba mu da wani abu bayan su.

Gidan gandu muke zaune a Sakajiki. Sashenmu da na yayan mijina, Nasidi, zana ce kawai ta raba su. Na shiga takaba, kuma a gidan nan mai takaba ba ta wuce bakin sashenta, ko da kuwa akuyarta ce ke cin wuta a waje. Tun ba a naɗe tabarmin gaisuwa ba Yaya Nasidi ya miƙe a gaban jama'a ya ce dabbobin marayu shi zai riƙe, kuma kafin in fita takaba duk ƙasar Kaura sai ta zo koyon kiwo a wurinsa.

Yaya Nasidi bai taɓa kiwon ko kaza ta kai ƙwai ba. Igiya yake sayarwa a bakin karar Shinkafi, inda ake cinikin dabbobi, ranar kasuwa. To amma shi a ganinsa, duk dabbar da aka ɗaure da igiyarsa shi ya yi kiwonta.

Ya kwashe su ya kafa musu turaku a sashensa, dab da zanar, inda nake iya leƙensu ta huda. Watannin farko bai yi wata ɓarna ba, don akwai sauran ciyawa a gonaki, ana kora su su ci su dawo. Da rani ya yi nisa, ciki ya fara nauyi, sai dabara ta sauko masa. Ya kira maƙwabcinmu Magaji, wanda dillalin dabbobi ne, ya tsayar da shi a bakin turke.

"Magaji, ɗa na wa ne?"

"Na ubansa."

"In an tashi kiran yaro, sunan wa ake liƙa masa?"

"Na ubansa. Mi ya kawo wannan?"

"To don mi kuke ɗura wa uwa abinci? Uwa buhu ce. Ka taɓa ganin an ba buhu dusa don geron da ke ciki ya yi ƙwari?"

Ina bayan zana ina tsintar wake. Na dubi kaina, buhun da ya haifi biyu.

"Daga yau," in ji Yaya Nasidi, "harawa ta rago ce, dusa ta rago ce. Shi zai ci, ƙarfin ya sauka ga ɗiyansa. Su kuma matan kara ya ishe su. In uwa ta cika ci, ɗa kumbura yake yi a ciki ya kasa fita."

Magaji ya ce, "Tsaya. Yanzu ka ce abincin uwa ba ya kai wa ga ɗa. Yanzu kuma ka ce shina kumbura shi."

"Kumburi daban, ƙarfi daban. Na uwa kumburi ne, na uba ƙarfi."

"To ta ina ƙarfin zai bi ya shiga, tunda rago ya gama aikinsa tun kaka?"

"Ta jini mana. Kai da ubanka ke Zurmi, in ya kwanta ciwo ba ka ji a jikinka?"

"Waya ake yi mani."

"Shi ya sa har yau dillali kake, ba ka zama mai dabba ba."

Na kasa haƙuri. Na sa baki a hudar zana na ce, "Yaya, marigayi in ciki ya tsufa ƙara musu yake yi. Ya ce a ƙarshen nan ɗa ke yin jiki, a nan hantsa ke cika."

"Maman Salima, mai takaba ba ta ɗaga murya. Ki yi ta addu'a, ki bar wa maza aikin maza."

Na aika facalata Kulsumu, matar Yaya Nasidi, wurin Baba, surukinmu. Baba ya tsufa, mutuwar Hafizu ta ƙara karya shi, yini yake yi a zaure da carbi. Ya ce a yi haƙuri in fita takaba, sai a zauna a yi magana. Tumakin dai ba wanda ya tambaye su ko za su iya jira.

Rago ya samu suna, Janar. Da safe harawa, da rana dusa da kanwa, da yamma angurya. Sauran kunun gida nasa ne, ƙanzon tuwo nasa ne. Yaya Nasidi ya jera turakun tumakin a gabansa kamar 'yan makaranta, wai su riƙa kallonsa yana ci, ƙarfin ya fi saurin wucewa. Janar na tauna, su huɗu suna bin bakinsa da ido, gabansu karan dawa busasshe wanda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taɓa.

Ba a daɗe ba suka fara neman na kansu. Sun cinye igiyoyin da aka ɗaure su da su, waɗanda Yaya Nasidi ke rantsuwa ko raƙumi ba ya tsinka su. Sun cinye gefen zanin Kulsumu a kan shanya. Wata rana ya ajiye hularsa zai yi alwala, kafin ya wanke ƙafa saura rabi.

Kulsumu ta ɗaga zaninta ta ce, "Malam, ka ga aikin ɗalibanka."

"Kwaɗayin ciki ne. Alamar ɗa namiji ke nan."

"Awo. To gobe ka shanya babbar rigarka, mu ga ko tagwaye ne."

Mata masu shigowa gaishe ni sai sun tsaya sun leƙa. Wata ta ce ita ta ɗauka shanya aka kafa aka rataya fatu a kai. Wata ta tambaya ko su ma tumakin takaba suke yi. Ƙashin bayansu ya fito ana iya ƙirga shi, ciki kuma ya rataya a ƙasa kamar an ɗaura musu tulu.

Da maganar ta yi yawa, Yaya Nasidi ya ce ba yunwa ba ce, zaman wuri ɗaya ne ya kashe musu jiki. Sai ya fito da atisaye. Kullum da hantsi ya kora su ya zagaya unguwa da su da gudu, yana gaba yana tafa hannu. Ranar farko ya waiwaya a bakin masallaci ya ga ba kowa a bayansa. Sun tsaya a ƙofar gidan liman suna cin tabarmar da aka shanya. Rana ta biyu suka shiga gidan mai ƙosai suka kifar da wake. Rana ta uku mafi tsufa a cikinsu ta durƙusa a tsakiyar hanya ta ƙi tashi, kanta a sama, tana cizon haƙora.

Magaji ya zo ya duba ya ce, "Nasidi, wannan ba za ta kai la'asar ba."

"Nauyin ɗa ne ya danne ta. Ka san girman abin da ke cikin nan?"

"Kira mahauci dai, kada a yi asara biyu."

Aka yanka ta a nan bakin hanya. Da mahauci ya fede, sai ga 'ya'ya biyu, kowanne bai kai tafin hannu da yatsu ba. Mutane suka juyo suna kallon Yaya Nasidi. Ya sunkuya ya duba, ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Rabonsu ne bai iso ba. Ƙarfin uba sai makon ƙarshe yake sauka, gaba ɗaya. Da ta yi haƙuri kaɗan da kun ga abin mamaki."

Aka aiko mini da cinya ɗaya, wai in yi miya. Tunkiyar nan ita Hafizu ya fara saya shekarar da muka yi aure. Na ce a kai wa liman, ya rage zafin tabarmarsa.

Cikin ukun da suka rage akwai wata mai jan kai, wadda ba ta da kunya tun tana ƙarama. Wata safiya ina surfe sai na ga zana tana motsi. Can sai ga baki ya ɓullo, sai kunnuwa, sai kafaɗa. Ta ci hanya ta shigo sashena. Ni dai an hana ni fita, ba a hana tunkiya shigowa ba. Na tura mata dusar da na fece, na zuba mata kowar wake da sauran tuwo, na ajiye mata ruwa. Ta ci har tana nishi, ta koma ta inda ta fito.

Washegari ta dawo. Yaya Nasidi ya gane, ya toshe hudar da sabuwar zana. Ta cinye sabuwar, ta fi mata daɗi ma. Ya sa kwali, ta cinye kwali. Ya kawo ƙaya ya jera, da zai gyara ta sai ya taka ɗaya, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Na so sauran biyun su biyo ta, amma su ya ɗaure su da waya.

"Maman Salima," ya ce ta bayan zana, "wannan ɓarauniyar kin kashe ta da hannunki. Ranar haihuwa ɗa zai maƙale, kada ki kira ni."

"To Yaya. In ya maƙale sai a ba Janar harawa, ya fito."

"Ba'a kike yi. Bar ta wurinki, na cire ta daga cikin shirin."

Haka Ɓarauniya ta koma sashena da zama, sunan kuma ya bi ta.

Shi kuwa Janar, wuya ya haɗe da ƙirji, ba a gane inda kai ya fara. Ya daina ganin mutum da daraja. Ya tunkuyi turmi, ya tunkuyi randa ta fashe. Kulsumu ta koma bin bango in za ta shiga madafa. Yaya Nasidi kuwa duk ranar kasuwa sai ya ba da labari a kara, cewa 'ya'yan da za a haifa a gidansa da ƙaho za su fito, cewa wani Buzu daga Jangeru ya roƙe shi sirrin ya hana. Ya gayyaci dillalai da makiyaya su zo ranar da zan fita takaba, tunda dama za a taru a yi sadaka, su gani da idonsu.

Ana saura 'yan kwanaki, tumakinsa biyu suka haihu. Ta farko ta haifi biyu. Ɗaya bai ko yi atishawa ba. Ɗayan ya kwanta a jiƙe yana rawar jiki, uwar ta dube shi sau ɗaya ta juya ta ci gaba da cin waya. Ta biyu ta haifi ɗaya, ya yi ta neman miƙewa ƙafafu na lanƙwashewa. Da aka ɗora shi a hantsa, babu komai a ciki, ko dakashin da zai jiƙa masa baki. Kulsumu ta naɗe su biyun a tsumma, ta sa a kwando kusa da murhu, tana ɗiga musu nonon akuyar maƙwabta da yatsa. Yaya Nasidi ya kafa doka, kada wanda ya gani, wai suna jiran saukar ƙarfi kuma ido yana hana shi.

Ɓarauniya ta haihu da sassafen ranar fitata, a bayan ɗakina. Ba ta nemi taimakon kowa ba. Tagwaye, manya, gashi na sheƙi. Kafin ta gama lashe na biyun, na farkon ya miƙe yana dukan hantsa da kai, jela na kaɗawa. Na tsaya ina kallonsu, na tuna wanda ya kamata a ce yana tsaye a wurin. Sai mata suka kira ni wanka.

Ina cikin wanka na ji Ɓarauniya ta fasa kuka. Ashe Yaya Nasidi ne ya rarrafo ta hudar da ta ci, ya sunkuci tagwayen, ɗaya a kowace hammata, ya yi ƙofar gida da su. Can an shimfiɗa tabarmi, dangi sun zo daga Zurmi, mutanen kara sun cika, ga kwatarniyar kunun sadaka an ajiye a inuwa. Abin da ya faru kafin in fito, Magaji ne ya ba mu labari, kuma har yau bai gaji da ba da shi ba.

Yaya Nasidi ya dire su a tsakiyar taro ya ce, "Jama'a, ga aiki. Uwarsu ba ta san ɗanɗanon harawa ba. Kara da ruwa. Ku ɗaga ku ji nauyi."

Aka ɗaga, aka jinjina. Wani Bafulatani ya duba ƙafafunsu ya gyaɗa kai. Yaya Nasidi ya fara bayanin buhu da gero. Bai kai rabi ba Ɓarauniya ta ratso zaure da gudu, ta tsallake ƙafafun Baba, ta faɗo cikin taro. Tagwayen suka ruga suka kama nono.

Magaji ya zagaya ta, ya dafa bayanta, ya leƙa hantsa. "Nasidi, wane irin kara ne wannan? Faɗa mani gonar, ni ma in je in ci."

"Jininta ne mai kyau."

"Ga dusa nan a gemunta."

"Ƙasa ce."

A nan na fito. An ba ni sabon zane, an ce in fara da gaida Baba da dangi kamar yadda ake yi. Na gaida Baba. Daga nan na karɓi kwandon daga hannun Kulsumu, wadda ta biyo ni da shi ba tare da na roƙe ta ba, na ajiye kusa da tagwayen, na yaye tsumman.

Na ce, "Waɗancan na Ɓarauniya ne, a sashena ta ci, a sashena ta haihu. Na Yaya ga su nan."

Mutane suka matso. Ɗaya daga cikin na kwandon ya ɗaga kai, kan ya fi ƙarfinsa, ya mayar. Wani tsoho daga Zurmi ya gyara tabarau ya tambaya ko 'ya'yan kyanwa ne. Bafulatanin ya tambaya a nuna masa iyayen. Da aka jawo su, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi a rayuwarsa ya ga fari ya yi wa dabba haka, bai taɓa ganin an yi mata ba ga harawa a kan rumfa.

Wani zai yi shiru a nan. Yaya Nasidi gyara riga ya yi.

"Kun yi gaggawar buɗewa ne. Ƙarfin na nan jikin uban, tara shi yake yi. Nisa ne ya hana shi wucewa. Bari in kawo shi kusa, a gabanku za su miƙe."

Kulsumu ta ce, "Malam, bar ragon nan inda yake."

"Ragon da na yi da hannuna?"

Ya shiga ya kwanto Janar. A gaskiya Janar ne ya fito da shi, don ragon ke gaba, shi yana baya yana tirjiya da igiya. Jama'a suka dare. Ya samu ya tsayar da shi kusa da kwandon, ya saki igiyar, ya juya masa baya, ya duƙa a kan 'yan tumakin yana cewa, "Ku duba da kyau, yanzu zai sauka."

Janar ya ja da baya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ke biyo bayan wannan, amma ba wanda ya yi magana. Harawar marayu ta wata da watanni ta sauka gaba ɗaya, sai dai ba a kan 'ya'yan ba. Yaya Nasidi ya tashi sama, ya wuce kwandon, ya shiga kwatarniyar kunu da ka.

Magaji ya ce, "Ya sauka."

Ko liman sai da ya rufe fuska da rawani. Maza huɗu suka danne Janar, biyu suka zaro Yaya Nasidi, kunu na zuba daga kunnuwansa. Baba, wanda tun rasuwar Hafizu ban ji ya ɗaga murya ba, ya buga sandarsa a ƙasa, ya dube ni.

"Zuhura, kwashe dabbobinki. Magaji, ka tafi da ragon nan kara, abin da ya kawo a sayo wa iyayen abinci. Kai kuma Nasidi, ko kyanwar gidan nan na ga ka tsaya kana kallo, sai na saɓa maka."

Daga inda yake kwance Yaya Nasidi ya ɗaga yatsa. "Ku dai faɗi gaskiya a kara. In an tambaya wa ya yi kiwon ragon nan, ku ce ni ne."

Da sabon zanena na warware wayar, na kora tumakina gida. Cikin na kwandon, ɗaya bai kai magariba ba. Ɗayan muka riƙe Ɓarauniya ya sha, tana harbi tana hararata, amma ya sha. Daga tumaki huɗu masu ciki, abin da Salima da Mubashir suka tsira da shi ke nan: iyaye uku, biyu kamar tsintsiya, da 'ya'ya uku.

Da yamma ina zuba musu dusa, sai na ji Yaya Nasidi ta bayan zana. Yana kwance rub da ciki a tabarma, don zama ya gagara.

"Kulsumu, ina tuwona? Tun safe ban sa komai a ciki ba."

"Ka sha kunu."

"Ki bar wasa. Na ji ƙamshin miya."

"Awo, na gama tun ɗazu. Na kai wa Baba kwanonka."

"Baba kuma? Shi ba ya da nasa?"

"Ya ci nasa, ya ci naka, na ƙara masa da nama. Ɗa ba na uba ba ne? Kwanta ka jira, ta jini zai zo."

Can daga zaure muka ji Baba ya yi gyatsa mai tsawo, ya yi hamdala.

Kulsumu ta ce, "Ka ji? Ka ƙoshi. Kawo hannu in zuba maka ruwa."